Mai Duba da Mai Bincike: Tarihin Wata Gardama ta Ƴan Kallo

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Madawa, Buza da Keita, daga Galma Kudawace har zuwa fadamar Majiya, ya san cewa tatsuniya ba ta mutuwa a bakin mai ba da ita. Da zarar tsohuwa ta yi shiru sai yara su ɗauka: wannan ya ce Gizo ya yi daidai, wancan ya ce Ƙoƙi ce mai gaskiya, wani kuma ya rantse cewa a garin kakanninsa ba haka labarin ya ƙare ba. Zuwan rediyo da talabijin da wayar hannu bai kashe wannan ɗabi'a ba, sabon abin tattaunawa kawai ya ba ta. Cikin labaran da suka fi tayar da gardama a duniya akwai na jami'in bincike da ke bin sawun laifi har sawun ya kai shi bakin gaibu. Tarihin irin wannan labari, da na wani kashi guda da masu kallo suka shafe shekaru suna muhawara a kansa, ya cancanci malaman lakwal da ƙungiyoyin al'adu su san shi, domin tambayar da ke cikinsa tsohuwa ce a ƙasar Hausa: idan abu ya ɓoye, wa ke da ikon tono shi, kuma da wace hujja?

Asalin mai binciken gaibu

A adabin Ingila an haɗa ɗan sandan ciki da aljani cikin labari ɗaya. Tsakanin 1901 da 1902 Arthur Conan Doyle ya fitar da labarin Sherlock Holmes da karen gidan Baskerville. Mutanen karkara sun yi imani cewa wani baƙin kare na la'ana ne ke kashe magadan gidan, amma bincike ya nuna kare ne na nama da jini, wanda wani mai kwaɗayin gado ya shafa wa sinadari mai ƙyalli a duhu. A wannan labari hankali ne ya ci nasara gaba ɗaya. A 1908 Algernon Blackwood ya ƙirƙiro John Silence, likitan da ke karɓar abin da ya gagari asibiti a matsayin aikin ruhohi na haƙiƙa. A 1910 kuma William Hope Hodgson ya zo da Carnacki, mai farautar fatalwa da na'urorin lantarki, wanda wani lokaci yakan tarar da fatalwar gaske, wani lokaci kuma ya tarar da ɗan damfara lulluɓe da mayafi. Wannan hanya ta uku ita ce ta fi riƙe mai karatu, domin ba ya sanin inda za a sauka sai an kai shafin ƙarshe.

Talabijin ɗin Amurka ya gaji wannan salo. Daga 1974 zuwa 1975 an nuna Kolchak: The Night Stalker, labarin wani ɗan jarida da ke gano dodanni amma ba wanda ke yarda da shi. Kashi 20 kaɗai ya yi aka tsayar da shi, sai dai ya bar tasiri a zuciyar wani matashi mai suna Chris Carter. Ranar 10 ga Satumba 1993, tashar Fox ta fara nuna shirin da Carter ya tsara, The X-Files, wanda masu jin Faransanci suka sani da Aux frontières du réel tun da tashar M6 ta Faransa ta fara nuna shi a 1994. Jami'ai biyu ne na hukumar FBI: Fox Mulder, wanda David Duchovny ya fito a matsayinsa, mai saurin gaskata abin al'ajabi tun da ƙanwarsa ta ɓace suna yara, da Dana Scully, wadda Gillian Anderson ta fito a matsayinta, likita ce da aka haɗa shi da ita don ta auna maganganunsa da ma'aunin kimiyya. Shirin ya yi zango 9 da kashi 202 kafin ya tsaya a Mayun 2002, ya dawo a 2016 da 2018, jimilla kashi 218, ban da fina-finan sinima biyu na 1998 da 2008.

Kashin da aka fi so

Idan masoya shirin suka zauna lissafin kashin da ya fi, sunan da ya fi yawan fitowa shi ne Clyde Bruckman's Final Repose, wanda aka nuna ranar 13 ga Oktoba 1995 a zango na 3. Darin Morgan ne ya rubuta shi, David Nutter ya ba da umarni. A 1996 ya ci kyautar Emmy biyu, ɗaya ta rubutu ga Morgan, ɗaya ta wasa ga dattijo Peter Boyle. A 1997 mujallar TV Guide ta sa shi na 10 cikin kashi 100 mafi kyau a tarihin talabijin ɗin Amurka. Abin mamaki, babu dodo a cikinsa, babu jirgin baƙi daga sama.

Ga yadda labarin yake. A jihar Minnesota wani mutum yana bin masu duba ɗaya bayan ɗaya yana kashewa: mai karanta tafin hannu, mai duba ganyen shayi, mai buga kati. Ƴan sanda sun rasa ta cewa, sai suka kira wani shahararren boka na talabijin mai suna Yappi. Ya zo da tawagarsa, ya yi ta ɗaga gira yana faɗin maganganun da za su dace da kowa: mai kisan yana da gemu ko ba shi da shi, gawar tana kusa da ruwa. Ƴan sanda suka yi ta rubutawa. Har ma ya sa aka fitar da Mulder daga ɗakin, wai rashin imaninsa yana toshe masa gani, alhali Mulder ne ya fi kowa imani a wurin.

Can gefe kuma akwai Clyde Bruckman, tsoho mai sayar da inshorar rai, zaune shi kaɗai a ɗan ƙaramin ɗaki. Shi ne mai gani na gaskiya, amma abu ɗaya tak yake gani: yadda kowane mutum zai mutu. Ba ya iya cin caca da wannan baiwa, ba ya iya hana abin da ya gani, kuma ba ya son ta. Ya bayyana cewa ta same shi ne saboda yawan tunanin haɗarin jirgin sama na 1959 da ya kashe wasu mawaƙan Amurka, inda aka samu kujerar jirgin ta hanyar jefa kwabo sama. Ya yi ta lissafin ƙananan dalilan da suka haɗu har kwabon ya faɗi ta wannan fuska, har idonsa ya buɗe ga ajalin kowa.

Jami'an biyu suka ɓoye shi a wani otal don kare shi, ba su san cewa mai kisan yaron otal ɗin ba ne, mai ɗaukar kaya. Shi ma yana ganin abin da zai aikata kafin ya aikata, kuma abin da ke kai shi wurin masu duba shi ne neman a gaya masa dalili. Da suka haɗu, ya tambayi tsohon me ya sa yake kisa. Bruckman ya ba shi amsar da ba ta da ko ɗigon gaibu: saboda shi mahaukacin mai kisan kai ne. A ƙarshe Scully ce ta gane shi, don ta tuna ta sha ganin fuskarsa cikin ƴan kallo a wuraren da aka yi kisan, kuma ta isa ɗakin girkin otal ɗin ta harbe shi ne bisa kuskuren shiga na'urar hawa bene ta ma'aikata. Bruckman kuwa ya koma gida ya kashe kansa. Scully ta same shi kwance, ta riƙe hannunsa, daidai yadda ya taɓa gaya mata za a yi, ita kuma a lokacin ta ɗauka zolaya ce ta tsoho. Marubucin ya aro sunan ne daga wani Clyde Bruckman na gaske, marubucin wasan barkwanci da ya yi aiki da Buster Keaton, wanda ya kashe kansa a 1955.

Abin da aka yi gardama a kai

Masoya shirin, waɗanda suka raɗa wa kansu suna X-Philes, sun rabu a kan abubuwa da dama. Na farko shi ne ƙaddara. Wasu suka ce labarin ya nuna komai rubutacce ne, tunda duk abin da tsohon ya gani game da kansa ya tabbata. Wasu suka ce a'a: ya ga an yanka Mulder a ɗakin girki bayan ya taka wani kek, Mulder ya taka kek ɗin, amma bai mutu ba. Ke nan ko dai ganin yana da giɓi, ko kuma abin da ya gani tunanin mai kisan ne kawai. Masu ra'ayi na farko suka mayar da martani cewa kuskuren da ya kai Scully wurin shi ma cikin rubutun yake. Har ila yau an yi tambaya mai nauyi: mutuwar Bruckman ta tabbatar da ganinsa ne, ko shi ya cika ta da hannunsa don ya gaji da jira?

Na biyu ƙaramar magana ce da ta zama babba. Scully ta tambaye shi yadda za ta mutu, ya ce mata ba za ta mutu ba. Wasu sun ɗauke ta a matsayin tausayin dattijo ga yarinyar da ya ƙi tsoratarwa. Wasu sun riƙe ta a matsayin annabci. Marubutan shirin sun ji wannan gardama. A 1999, cikin kashi mai suna Tithonus wanda Vince Gilligan ya rubuta, wani mai ɗaukar hoto da mutuwa ta tsallake shekaru aru-aru ya karɓi mutuwa a madadin Scully bayan an harbe ta. Nan masu kallo suka ga cewa hirarsu tana iya komawa cikin labarin da suke kallo.

Gardama ta uku daga waje ta zo. A 1996 masanin kimiyyar halittu na Ingila, Richard Dawkins, cikin laccar Dimbleby ta BBC, ya soki shirin da cewa kowane mako ana gabatar da bayani biyu, na hankali da na gaibu, kuma kowane mako na hankali ne ke shan kaye. A ganinsa wannan yana koya wa jama'a raina hujja. Masu kare shirin suka nuna masa Scully, macen da ke yanka gawa da neman shaida kafin ta yi magana. A 2018 wani bincike na cibiyar Geena Davis ya nuna cewa mata da yawa da ke aikin kimiyya a Amurka suna ambaton ta cikin abin da ya ja su. Kashin Bruckman kuwa ya tsaya tsakanin ɓangarorin biyu: ya yarda akwai mai gani, amma ya nuna ganin bai kama ɓarawo ba, kuma bokan ƙarya ne ya ci riba, domin a ƙarshe Yappi yana nan a talabijin yana tallar lambar wayarsa.

Tsohuwar tambaya a Adar

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan rabe-rabe. Idan akuya ta ɓata, ko ciwo ya ƙi jin magani, ko aure ya ƙi zama, akwai ƙofofi da yawa da aka saba ƙwanƙwasawa: boka mai saiwa da ganye, malamin duba mai bugun ƙasa da gidajensa 16, da ƴan bori waɗanda iskoki ke hawa su yi magana ta bakinsu da kiɗan goge da ƙwarya. Baturiyar Faransa Nicole Echard ta yi shekaru tana nazari a ƙauyukan Adar. Littafinta na 1975 ya bi tarihin manoman yankin, na 1989 kuma ya tattara iskokin borin Adar da dangantakarsu. Aikinta ya nuna cewa bori yana da tsari: a gano wace iska ce, me aka yi mata, me take nema. Wannan ma bincike ne, da tambayoyinsa da shaidunsa, sai dai wanda ake tuhuma ba ya ganuwa.

Sukar wannan hanya ma a nan ƙasar ta tsiro. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Marata kusa da Galmi, ya yi kakkausar magana cikin Nurul Albabi a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa da duban taurari, da masu yanka ga itatuwa da duwatsu. Hujjarsa ta addini ce: gaibu na Allah ne. Hujjar Dawkins ta kimiyya ce. Tushensu ya bambanta ƙwarai, amma dukansu sun tsaya a kan abu ɗaya, wato kada a ba mai da'awar gani ikon yanke hukunci a kan mutane.

A nan ne maganar ta daina zama ta nishaɗi. A talabijin, idan boka ya yi kuskure, ɗan wasa ne ke faɗuwa ya tashi. A ƙauye, idan aka ce wance ta kama kurwar yaro, tsohuwa ce ta gaske ake jawowa a tilasta mata ta tsallaka marar lafiya a gaban jama'a, kuma sunan maita ya bi ƴaƴanta da jikokinta har wurin neman aure. Galibi wanda yatsa ke nunawa shi ne marar gata: gwauruwa, baƙo, matalauci. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ya kama kuwa yana kwance, lokacin kai shi asibiti yana wucewa. Masu iya magana sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Shirin Amurkan shi kansa ya faɗa wannan rami lokacin da ya waiwayo Afirka ta Yamma. A kashi mai suna Teliko, na 18 ga Oktoba 1996, baƙaƙen fata suna mutuwa a Philadelphia fatarsu ta koma fari fat. Mai laifin wani baƙo ne daga Burkina Faso, Samuel Aboah, wanda aka ce an haife shi ba tare da wani ƙululu na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ba, yana satar na mutane don ya rayu, aka kuma jingina abin da wata tatsuniyar Bambara ta iskokin sarari. Mai kallo na Sahel zai lura nan da nan cewa an cakuɗa abubuwa: Bambara sun fi yawa a Mali, sunan kuma ya fi kama da na mutanen Gana. Abin da ya fi muni, labarin ya mai da baƙo maye. Kashin bai samu karɓuwa irin ta Bruckman ba, kuma ajiye su gefe da gefe darasi ne: ɗaya ya tuhumi mai duba, ɗaya ya tuhumi baƙo.

Kallo tare, hira tare

Nijar tana da nata tarihin tattaunawa a kan abin da aka ji ko aka gani. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryoyinsu a kaset a mayar Yamai don a sake watsawa. Da yawa daga masu jagorancin zaman malaman lakwal ne. A 1964 aka fara talabijin na makaranta, kuma a wasu ƙauyuka hasken rana ne ke kunna akwatunan. A 1979 Télé Sahel ta fara aiki, aka kafa wuraren kallo na jama'a inda akwati ɗaya ke tara unguwa guda.

Masu shirya fim na ƙasar ma sun riga Chris Carter taɓa wannan jigo. A Saitane na 1972, Oumarou Ganda ya nuna malamin tsibbu da ke fakewa da asiri yana kawalci tsakanin matar aure da attajiri. A Toula na 1973, wanda Moustapha Alassane ya shirya tare da Anna Soehring daga labarin Boubou Hama, fari ya addabi ƙasa, mai duba ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, saurayinta ya tafi neman ruwa da ƙafarsa, ya samo, ya dawo ya tarar an riga an ba da ita. Da wuya a samu hoton mai duba da mai bincike da ya fi wannan ciwo. Alassane ya zauna a Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, don haka wannan gado na jihar ne.

Daga 1990, shekarar da aka yi Turmin Danya a Kano, fina-finan bidiyo na Hausa suka bazu, kuma ƴan cin rani na Adar masu zuwa Najeriya da Kodebuwa da Libiya suna cikin masu shigo da kaset da na'urori gida. Cikin waɗannan fina-finai boka da aljana ba su taɓa yin ƙaranci ba. Sau da yawa malami ne ke zuwa a ƙarshe ya karya asiri da addu'a. A shekarun 1990 ɗin ne kuma fada ta samari ta yaɗu a garuruwan Nijar, wadda Adeline Masquelier ta rubuta littafi a kanta a 2019: tabarma, butar shayi, da hira har dare ya raba. Yau fim yana zuwa ne a katin waya, an fassara na Indiya da na wasu ƙasashe da Hausa, kuma a fada ake yanke masa hukunci.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Gardamar ƴan kallo tana nan ko an kula da ita ko ba a kula ba. Abin da kulob-kulob na rediyo suka gano tun 1962 shi ne cewa hira tana ƙara amfani idan akwai mai jagora da ya iya tambaya. Malamin da ya nuna wa ɗalibai Toula, ko ya ba su labarin Bruckman da Yappi, yana iya tambayarsu: wa ya faɗi abin da za a iya gwadawa, wa ya faɗi abin da zai dace da kowa? Me ya kama mai laifin, gani ko lura? Wa aka fara zargi, kuma don me shi? Da wa ya amfana da tsoron jama'a? Ƙungiyar al'adu kuma tana iya tattara labaran iskoki da na masu bin sawu daga bakin tsofaffin Galma, Buza da Keita kafin su tafi da su, domin a ƙasar makiyaya an daɗe da sanin mutanen da ke karanta sawun raƙumi da na ɓarawo a kan yashi, su faɗi nauyin kayan da inda aka nufa. Waɗannan ma masu bincike ne, kuma har yanzu ba a yi musu shirin talabijin ba.